Ɗan Gida

Legas, 12 ga Mayu

Zuwa ga Kawu, Alhaji Maitama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da kyau, da Inna Ladidi, da ƙannena Mannir da Sa'adiya da duk mutanen gida. Da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Sa'adiya ta ce mini na'urar kunnen da na aiko tana cikin akwati har yanzu, ko ledarta ba a cire ba. Tunda magana a waya ba ta yi mana, sai mu ci gaba yadda muka saba: ku rubuta da hannu ta ɗauki hoto ta turo mini, nawa kuma ta buga muku a takarda. Mu nan lafiya lau. Yara suna jarrabawa, babansu yana miƙa gaisuwa.

Dalilin rubutun shi ne hukumar kamfaninmu ta amince mu buɗe ofishi a Funtua. Kun san aikinmu: manomi ya latsa ƙaramar wayarsa ya ji farashin masara a Bakori da Dandume, ya ji hasashen ruwa, ya haɗu da mai saye ba sai kayansa sun bi ta hannu uku ba. Shekara huɗu ke nan ina shugabancin kamfanin daga Legas, alhali manoman da muke ci da su suna can wajenku. Tun bara nake wannan rigimar, sai yanzu aka sakar mini.

Ofishin zai ɗauki mutum goma sha biyu. Yawancinsu daga Zauren Koyo za su fito, wato makarantar kwamfutar da muka buɗe a tsohon shagon audugar da kuka gada, wadda kuke shugabantar kwamitinta. Saboda haka ku ne na farko da ya kamata ku ji.

'Yan hukuma sun so a kawo manaja daga Abuja. Na ƙi. Na riga na tsayar da wanda zai riƙe ofishin, ɗan gida ne, a gabanku ya tashi. Ba zan faɗi suna ba sai an sa hannu a takarda.

A gaida Inna.

'Yarku,
Nana Khadija

Malumfashi, 21 ga Mayu

Zuwa ga Uwata, mai sunan mahaifiyata,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso, an buga mini ita da manyan baƙaƙe na karanta. Muna lafiya. Ƙafa tana nan yadda kika san ta. Idan hadari ya taso ita ke fara sanar da ni kafin wayar kamfaninku. Na'urar kunne na gwada ta ranar Juma'a a masallaci, ta dinga tsuwa kamar ɗan tsako har na kusa da ni suka waiwayo. Na mayar da ita inda take.

Ruwan shuka ya sauka ranar Talata. Mun sa masara a gonar hanyar Kafur, waken suya a ta bayan gari. Mannir ne ya tsaya a kan shukar, da safe gona, da rana koyarwa a Zauren. Kuɗin taki kuwa ba a magana.

Labarin ofishi ya faranta mini rai. Na tuna ranar da na goya ki a babur na kai ki kamfanin gurzar auduga a Funtua don ki ga kwamfuta, kina 'yar sakandare, akawun ya ce a duba da ido kawai kada a taɓa. Yau ga shi ke za ki buɗe ofishi a garin. Allah mai iko.

Game da wanda kika tsayar, kin ce ba za ki faɗi suna ba, to ni ma ba zan faɗa ba. Wanda ya haura saba'in ba sai an nuna masa wata da yatsa ba. Abin da zan ce kawai, ba ki yi zaɓen tumun dare ba. Shekara uku ina ganinsa a Zauren bai taɓa fashi ba. Funtua kuma ba nisa, mutum zai yi Juma'a a gida ya leƙa gona ya koma.

Ban faɗa wa kowa ba sai Hajiya Ladidi, wadda ta yi ta hamdala har da hawaye, sai kuma liman don ya sa albarka.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki,
Maitama

Malumfashi, 2 ga Yuli

Uwata,

Sallama. Ban ga amsar takardata ba, na san aiki ya yi miki yawa. Muna lafiya. An gama noman farko, ana shirin maimai.

Ranar Litinin sanarwarku ta fito a waya. Isah ɗan Malam Manu na bayan Dandume shi ne manajan Funtua. Allah ya taya shi riƙo. Yaro ne mai ladabi. Ina tuna zuwansa Zauren na farko, bai san inda ake kunna kwamfuta ba, Mannir ne ya nuna masa.

Sai dai yana da kyau ki san abin da ya faru a nan. Liman ya faɗa wa na'ibinsa, Hajiya ta faɗa wa ƙanwarta. Kafin mako biyu ana tare ni a kasuwa ana yi mini barka da arziki. Hajiya ta soya waina ta raba wa maƙwabta. Mannir ya yi ta cewa shi ba a gaya masa komai ba, muka ɗauka kawaici ne.

Sa'adiya ta ce Mannir yana tsakiyar darasi saƙon ya shigo. Ya karanta, ya kifa wayar a tebur, ya ƙarasa abin da yake koyarwa. Sannan ya shiga ajin da Isah yake ya miƙa masa hannu ya ce, "Manaja, Allah ya sanya alheri." Da ya dawo gida uwarsa ta fara magana, sai ya ce, "Inna, don Allah a bar zancen nan." An bar shi. Ni ma kwana biyu sallah a zaure nake yi, ban fita masallaci ba.

Na sake ɗauko takardarki. "Ɗan gida" kika rubuta. "A gabanku ya tashi" kika rubuta. Wataƙila Hausar Legas ta bambanta da tamu.

Wani batu dabam. Masarar bana ta yi kyau, in Allah ya kai mu kaka rumbunan gida ba za su ɗauke ta ba. Zan buƙaci shagon da Zauren yake ciki. Na faɗa miki da wuri ne don ki samu lokacin neman wani wuri.

Maitama

Legas, 14 ga Yuli

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, ina gaida Inna. Da fatan damina tana tafiya lafiya. Ni na ɗan yi fama da hawan jini, likita ya canja mini magani, yanzu da sauƙi.

Takardunku biyu suna gabana. Ta farko a tsaye na karanta ta a filin jirgi, na ɗauka Isah kuke nufi, tunda shi ma shekararsa uku a Zauren kuma gidansu ba nisa da Funtua. Hawayen Inna ya kamata su ankarar da ni, ba su ankarar ba.

Shirun kuma ba raini ba ne. A watan Yuni manhajarmu ta tsaya fiye da mako guda, ana tsakiyar sayen taki. Babban abokin cinikinmu ya janye, hukuma ta ce a rufe ofishinmu na Makurɗi. Ni na je da kaina na faɗa wa ma'aikatan. Cikinsu akwai wata da na ɗauko tun tana bautar ƙasa, na koya mata aiki har ta zama mataimakiyar manaja. Makullin ofis kawai ta miƙo mini. Na dawo Legas ban iya rubuta wa kowa komai ba.

Kalmar "ɗan gida" ni na yi kuskurenta. A bakin 'yan hukuma, duk wanda ba daga Abuja ko Legas aka kawo shi ba ɗan gida ne. Na saba da haka har na manta wanda nake rubuta wa. Ku ba Inna haƙuri, ku ma ku yi haƙuri da abin da ya same ku a kasuwa.

Zaɓin kuwa ina nan a kansa. Mannir ya fi Isah sanin na'ura, nesa ba kusa ba. Amma aikin manajan Funtua zama ne da sarkin noma, da dillalan da ke ganin mun zo cire musu abinci a baki, da manomin da waya ta ce masa za a yi ruwa, ya shuka, ruwan bai zo ba. Bara hakan ta faru a wani ƙauye bayan Bakori, na tura su su biyu. Mannir ya buɗe kwamfuta ya yi wa mutanen bayanin cewa hasashe ba alkawari ba ne, kuma gaskiya ya faɗa. Isah ya zauna a tabarma ya ce, "Mun ja muku asarar iri. Yanzu me za a yi?" Ya yi ta zirga-zirga har ya samo musu irin da ke nuna da wuri. Mutanen ƙauyen suna tare da mu har yau. Kuma ko da kunnen doki suka yi, ba zan ɗora ɗan kawuna a kan mutum goma sha ɗaya ba. Duk abin da ya yi daidai za a ce don ni ne, duk wanda ya ɓata ba mai iya faɗa mini.

Abin da nake da shi domin Mannir dabam ne. Sashen injiniyoyinmu na nan Legas yana neman mutum, shekara biyu, a ƙarƙashin wani mai tsanani wanda ko ni ba ya jin maganata a kan ma'aikatansa. Ya duba ayyukan malaman Zauren bai san dangantakarmu ba, ya ware na Mannir ya ce wannan yake so. Ban faɗa wa Mannir ba tukuna, na ga ya dace ku fara ji.

Shago naku ne. Ku ba ni zuwa ƙarshen Oktoba. Ajin maza ba zai yi wuyar matsarwa ba. Na mata na yamma ne ban san yadda zan yi da shi ba, domin iyayensu sun yarda ne saboda a shagonku yake.

'Yarku,
Nana Khadija

Malumfashi, 9 ga Agusta

Uwata,

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi, ki rage gishiri. Mu ma Sa'adiya ta yi zazzaɓi, an yi mata allurai a asibiti, ta warke. Masara ta yi goyo. Na isar da haƙurinki ga Hajiya, ta ce ta haƙura, ni dai ban ga alama ba tukuna.

A kan Isah ba ni da ja. Na yi shekara talatin ina malamin gona, na san irin mutumin da manoma ke shimfiɗa wa tabarma. Ya zo gaishe ni ranar Asabar, ya durƙusa a zaure ya kasa ɗaga ido, ya ce, "Baba, wallahi ni ban nema ba." Na ce, "Ko ka nema ai ba laifi ba ne. Tashi ka je ka yi aikinka."

Amma ke ma ba ki karanta tawa daidai ba. Kin ɗauka kujera nake nema wa ɗana. Da masinja kika sa shi a Funtua, da murnata ɗaya ce. Abubakar Sadiq yana Fatakwal, sai sallah-sallah. Rukayya tana gidan mijinta a Gusau. Sa'adiya an sa ranarta bayan kaka. Mannir ne ya rage. Shi ke jin abin da likita ya faɗa ya maimaita mini da ƙarfi. Shi ke tsayawa a kan 'yan ƙwadago. Gonar hanyar Kafur yanzu ba na iya zuwanta sai a bayan babur ɗinsa, kuma kin san yadda hanyoyinmu suka zama, ba a sake a kai la'asar a daji.

Akwai abin da ake gani daga nan wanda ba lalle a gan shi daga Legas ba. Duk yaron da ya yi fice a Zaurenki, mota ce ke ɗauke shi. Wannan Kaduna, wancan Abuja, wata ma an ce Kenya. Ni ke sa musu hannu a takardar shaida, ni ke yi musu addu'a, sai in ga iyayensu a masallaci suna tsufa su kaɗai. Ban ce laifi ba ne. Muna shuka ne wasu garuruwan suna girbewa. Ofishin Funtua shi ne karo na farko da na ga abin zai tsaya a gida, shi ya sa na yi saurin sa nawa a ciki.

Ban faɗa masa maganar Legas ba. Wannan takardar ma jikan maƙwabcina na sa ya turo miki, ba Sa'adiya ba. Ina roƙonki ke ma kada ki faɗa. Abin da mutum bai sani ba ba ya hana shi barci.

Kawunki,
Maitama

Legas, 25 ga Agusta

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da Inna, a yi wa Sa'adiya sannu. Jinin ya sauka, alhamdu lillahi.

Na daɗe ina juya maganarku. Abin da kuka faɗa a kan Zauren gaskiya ne, ni ma motar ce ta ɗauke ni. Shi ya sa na yi faɗa a kan ofishin Funtua. Mutum goma sha biyu ba su da yawa, amma su ne na farko da za su yi wannan aikin suna kwana a garinsu.

Roƙonku ne ba zan iya cika shi duka ba. Duk Asabar da safe nakan zauna da malaman Zauren ta bidiyo, kowa ya faɗi abin da ya shige masa duhu. Makon jiya Mannir ya tsaya bayan kowa ya fita, ya ce, "Yaya, ki faɗa mini gaskiya, aikina ne bai kai ba?" Na ce ya kai. Ya ce, "To me ya rage?" Na ce ya ba ni lokaci. Kawu, ya kusa shekara talatin. Idan na yi shiru zai zauna da tunanin an auna shi an ga bai cika mudu ba, kuma ba haka ba ne.

Shugabata ta farko a kamfanin waya ta taɓa ɓoye mini wani gurbi don ba ta so ta rasa ni. Sai bayan shekara biyar na ji. Har yau muna gaisawa, amma ban ƙara kai mata shawara ba.

Gurbin zai jira har ƙarshen kaka, kuma ba zan tsallake ku ba kafin nan. Idan Nuwamba ta kama bai ji daga bakinku ba, zan faɗa masa, in haɗa da dalilinku duka, domin dalili ne mai nauyi. Sai ya zaɓa da kansa. In ya ce zai zauna, akwai aikin kula da na'urorin ofishin Funtua a ƙarƙashin Isah. Ya fi ƙarfin aikin, amma zan ba shi, kuma ba zan sake tayar da zancen Legas ba.

Na san wannan ba ita ce amsar da kuke so ba.

'Yarku,
Nana Khadija

Malumfashi, 9 ga Disamba

Uwata,

Sallama da gaisuwa. Shirun da na yi da gangan ne, ba ciwo ba. Muna lafiya. An yi bikin Sa'adiya lami lafiya, kayan da kika aiko sun iso, Hajiya ta ce a yi miki godiya, kuma wannan karon da gaske take. Masara ta yi yadda muka zata. Abokina Alhaji Almustapha ya ara mini shagonsa na bakin kasuwa na zuba ta, don haka ki bar neman wuri. Iyayen 'yan ajin yamma sun zo mini su huɗu, ban ma bari sun gama magana ba.

Kin riga kin ji daga bakin Mannir cewa zai zo. Yadda aka yi ne ba ki ji ba, kuma na san shi ba zai faɗa ba.

Ranar da aka fara karyar masara muna zaune a gindin ɗorawa ana ɗinke buhuna, na faɗa masa duka, da naki da nawa, ban rage komai ba. Ya daɗe yana juya totuwa a hannu, sannan ya ce, "Baba, tun yaushe kuka sani?" Na ce tun Yuli. Ya ce, "To." Ya tashi ya koma wajen ma'aikata.

Bayan kwana uku ya same ni a zaure ya ce ya yanke shawara, zai zauna ya karɓi aikin Funtua. Na samu abin da nake so ke nan. Sai dai ina kallonsa yana faɗa, kamar mai karanta takardar da wani ya rubuta masa. Na ce, "Da ba na raye, wanne za ka ɗauka?" Ya ce, "Haba Baba, wannan ai ba tambaya ba ce." Na ce, "Amsa dai." Ya sunkuyar da kai ya yi shiru. Na ce, "Shi ke nan, na ji. Duk kurumtata wannan kam na ji shi."

Mun daɗe muna ja. Ya kawo maganar gona, na ce na ba ɗan Almustapha aron ta hanyar Kafur, ta bayan gari kuwa ƙafata tana kai ni. Ya kawo maganar asibiti, na ce na rubuta wa Abubakar Sadiq cewa Fatakwal ba lahira ba ce, ya riƙa zuwa duk wata biyu. Ya kawo uwarsa, na ce wannan ka bar ni da ita, shekara arba'in da biyar muna tare. A gaskiya ita ce ta fi wuya. Mako guda miya ba gishiri na sha.

Jiya ya tafi da motar safe daga Funtua. Uwarsa ta cika masa jaka da ƙuli-ƙuli da kuka da daddawa kamar ba a cin abinci a Legas. Isah ne ya zo ya ɗauke shi a motar ofis ya kai shi tasha; ban san ko dokarku ta yarda da haka ba, kada ki tambaye shi. Ni ban raka su ba, ana sussukar waken suya.

Kada ki ajiye shi a gidanki fiye da mako guda, ya nemi ɗaki kamar sauran ma'aikata. Yana da gyambon ciki kuma ba ya faɗa. Idan kika ga ya daina cin yaji, to ya tashi. In mutumin naku mai tsanani ya ce bai iya ba, ku sallame shi kamar kowa, sai dai ki rubuto mini kafin uwarsa ta ji.

Ɗakinsa na rufe, makullin yana wurina. Shekara biyu kika ce. Na riƙe.

Kawunki,
Maitama